Linzamin Wasa Marar Waya: Sayen Nagari da Kuɗi Kaɗan

Sharhinmu na yau na matasa ne masu wasannin kwamfuta, waɗanda ke neman linzami marar waya alhali aljihu babu nauyi.

Da farko ku dubi yadda yake haɗuwa da kwamfuta. Mai Bluetooth kaɗai ya wadatar a ofis, amma a wasan harbi jinkirinsa kan jawo asara. Ku nemi wanda ke zuwa da ɗan abin sokawa a kafar USB, mai aika saƙo sau 1,000 a daƙiƙa guda. Linzamin ofis galibi sau 125 yake aikawa.

Kada babbar lambar DPI (ma'aunin saurin motsin kibiya a allo) da ke jikin kwali ta ruɗe ku. Ƙwararrun 'yan wasa da yawa tsakanin 400 da 1,600 suke tsayawa.

Sai nauyi da batir. Ɗauki Logitech G305 da ya fito a 2018: nauyinsa giram 99, kuma batir AA guda ɗaya kan kai shi kimanin awa 250. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, wannan ba ƙaramar riba ba ce, domin a kantin unguwa ma za a sami batirin. Fitilu masu walƙiya kuwa, cin batir kawai suke yi.

Kasuwa ba ta rasa jabu. Saboda haka ku riƙe linzamin a hannu, ku latsa maɓallansa, a gwada muku shi a gabanku, sannan ku karɓi rasit. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.