Littattafan da Suka Tayar da Imamu Gazali Daga Bagadaza

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya tara mu bana kamar yadda Ya tara mu bara. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Sidi Abdulƙadir Jilani da sauran waliyyan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku shehunanmu, da muƙaddamai, da 'yan'uwa muridai maza da mata, an umarce ni da in yi 'yar tunatarwa game da karatun littattafan magabata, da irin aikin da yake yi a zuciyar bawa. Zan tsaya a kan labarin Hujjatul Islam, Imamu Abu Hamid Gazali, Allah Ya yi masa rahama.

A shekara ta 484 bayan Hijira (1091 Miladiyya) waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi a kan kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza. Almajirai kimanin 300 ke ɗaukar karatu a gabansa, sarakuna suna neman fatawarsa. Duk da haka zuciyarsa ba ta natsu ba. Ya ba da labari da kansa a cikin Almunƙizu Minad Dalal cewa ya bi ilimin kalami da falsafa da maganganun Baɗiniyya har ƙarshensu, bai sami abin da yake nema ba. Sannan ya waiwayi littattafan Sufaye: Ƙutul Ƙulub na Abu Ɗalib Almakki, da rubuce-rubucen Harisu Almuhasibi, da abin da aka ruwaito daga Junaidu da Shibli da Abu Yazid Albisɗami.

Abu Ɗalib ya rasu tun shekara ta 386, Almuhasibi kuwa tun 243. Gazali bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma da ya auna kansa da abin da suka rubuta, sai ya tarar da cewa koyarwar nan tasa, wadda yake ganin ita ce mafificin aikinsa, son girma da yaɗuwar suna ne ke motsa ta. Ya kuma gane cewa sanin ma'anar zuhudu daban yake da zama mai zuhudu, kamar yadda likita yake iya sanin ma'anar lafiya alhali shi kansa yana kwance.

Wajen wata shida ya yi yana kai-komo tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, abinci ya ƙi shigarsa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. A watan Zulƙida na shekara ta 488 (1095) ya rabar da dukiyarsa, ya bar wa iyali abin da zai ishe su, ya nufi ƙasar Sham. Ya yi halwa a masallacin Dimashƙa, ya je Baitul Muƙaddas, ya yi aikin Hajji. A wannan keɓewa ta kimanin shekara goma ya wallafa Ihya'u Ulumiddin, mai rubu'i huɗu: ibadu, da al'adu, da masu halakarwa, da masu tserarwa. Wanda ya san Ƙutul Ƙulub zai ga sawunsa a cikin Ihya'u.

Masu tarihi sun ambata cewa a wannan shekara ta 488 ne Shehu Abdulƙadir ya shiga Bagadaza yana saurayi mai neman ilimi. Ya daɗe yana karatun fiƙihu da hadisi, yana mujahadar zuciya, bai zauna wa'azi ba sai a shekara ta 521. Almajiransa sun kiyaye mana majalisansa 62 a cikin Alfathur Rabbani, da maƙaloli 78 a cikin Futuhul Gaibi, ga kuma Algunya. A ƙasarmu ma, wanda ya duba Ihya'us Sunna na Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zai ga yawan abin da ya cirato daga Almadkhal na Ibnul Hajji da sauran littattafan magabata. Ɗariƙarmu da karatu aka gina ta.

To, 'yan'uwa, mu tambayi kawunanmu. Da yawanmu muna da waɗannan littattafai a ɗaki, ƙura ta rufe su. Wasu samarinmu kuma suna buɗe su ne kawai don neman hujjar da za su kayar da abokin jayayya. Wanda ya karanta babin riya yana lissafa mutanen da maganar ta dace da su, bai sa kansa a ciki ba, ya tashi kamar yadda ya zauna. Tsoron da ake ji shi ne mu bar wa 'ya'yanmu tuta da bandiri, su rasa ilimin da zai gaya musu abin da ake nufi da su.

Shawarata ga kowane muridi ita ce ya fara gyara tsarkinsa da sallarsa da Ahlari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Daga nan ya ɗauki ƙaramin littafi kamar Bidayatul Hidaya ko Ayyuhal Walad na Gazali, ya kai shi gaban malami a zaure, ya riƙa ɗaukar ƙari kaɗan kaɗan, kada ya wuce babi sai ya ga ya fara aiki da shi a gidansa da kasuwarsa. Wanda bai iya Larabci ba ya zauna inda ake fassarawa da Hausa, kunne ma yana ɗaukar karatu. Muƙaddamai kuwa, muna roƙonsu kowace zawiya ta keɓe dare ɗaya a mako don karatun littafi guda har a sauke shi, a kuma tanadi wuri domin iyayenmu mata.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mai da kowa gida lafiya, Ya nuna mana na baɗi. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.