Ƙwayoyin Jikin Wa Ake Gwada Magani a Kansu?



Kafin a miƙa wa ɗan Adam sabon magani ya haɗiya, sai an fara gwada shi a kan wani abu mai rai wanda ba ya jin zafi. Galibi wannan abu ƙwayoyin jiki ne, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin bincike, ana rainon su a cikin 'yar kwalba. Iri biyu ne. Akwai waɗanda aka ciro kai tsaye daga jikin mutum ko dabba, su ne ƙwayoyin asali. Akwai kuma waɗanda suka shekara da shekaru suna hayayyafa a ɗakin bincike ba tare da sun tsufa ba. Na farkon kamar nonon da aka tatso yanzu ne, na biyun kamar madarar gwangwani: ba ta lalacewa da wuri, amma wanda ya san saniya ya san akwai bambanci.

Mafi shahara a cikin marasa tsufan su ne HeLa. A 1951 aka yanko su daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks, wata baƙar fata 'yar Amurka, a asibitin Johns Hopkins, ba tare da an nemi izininta ba. Ta rasu a wannan shekarar tana da shekara 31, amma ƙwayoyinta suna nan suna ninkuwa har gobe. Sun yi wa kimiyya aiki mai yawa, babu mai musu. Sai dai ƙwayar sankara ce. Lafiyayyar ƙwayar mutum tana da kromosom 46, HeLa kuwa tana ɗauke da sama da 70. Ga kuma mamaya: a 1966 Stanley Gartler ya nuna cewa ƙwayoyi da dama da masana ke tsammanin na wasu sassan jiki ne, ashe HeLa ce ta kutsa cikin kwalaben ta cinye wurin. Mutum ya yi shekaru yana nazarin hanta, alhali bakin mahaifa ke gabansa.

Ƙwayar asali ba haka take ba. A 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead suka tabbatar cewa lafiyayyar ƙwayar mutum takan rabu kamar sau 50 ne kawai, daga nan ta tsufa ta tsaya. Wannan gajeren rai shi ne wahalarta, kuma shi ne shaidar cewa har yanzu tana bin dokar jikin da ta fito.

Bari in nuna muku yadda aikin yake. Likita ya yi tiyata a hanta, wani ɗan yanki mai lafiya ya rage, mai shi kuma ya yarda a yi bincike da shi. Za a tsoma shi a ruwa mai sanyi a ruga da shi ɗakin bincike. A can a tura wani sinadari mai suna kolajines ta cikin jijiyoyinsa har naman ya saki, a tace, a wanke. Sai a ɗiga shuɗin rini a ƙirga: ƙwayar da ta mutu takan sha rinin ta yi shuɗi, mai rai kuwa ta ƙi sha, tana ƙyalli. Daga nan a shimfiɗa su a faranti, a zuba musu ruwan abinci mai launin ja-ja, a sa a na'urar ɗumi a ma'aunin 37, daidai zafin jiki. Idan da safe ka tarar ruwan ya koma rawaya ya yi gurɓi, ƙwayoyin cuta sun shiga, aiki ya ɓaci. Ko komai ya tafi daidai, cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin hantar za su fara rasa ƙarfinsu na narkar da magani. Kuma ba za ka koma wa mai hantar ka ce a ƙara maka ba.

To me ya sa ake shan wannan wahala? Saboda akwai tambayoyin da ƙwayoyin asali kaɗai ke iya amsawa. Ku ɗauki zazzaɓin cizon sauro, wanda Nijeriya ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Sai a 1976 William Trager da James Jensen suka iya rainon ƙwayar cutar a wajen jiki ba yankewa, cikin jajayen ƙwayoyin jinin mutum. Kayan aikinsu har da tulun gilashi da kyandir: a kunna, a rufe, wutar ta rage iskar da ke ciki ta mutu da kanta. Amma kafin cutar ta shiga jini, a hanta take fara sauka ta yi shiru tana ninkuwa. Wannan mataki sai a 1985 Dominique Mazier da abokan aikinta a Faransa suka ga cikarsa, a cikin ƙwayoyin hantar mutum na asali.

Ƙwayoyin dabbobi ma sun biya nasu kason. Riga-kafin shan-inna na Jonas Salk, wanda aka amince da shi a 1955, a ƙwayoyin ƙodar biri aka raini ƙwayar cutarsa. A 1960 aka gano cewa wata ƙwayar cuta ta birai, SV40, ta biyo cikin wasu alluran, domin duk abin da ke jikin dabba yana iya biyo ƙwayarta. Amma labarin da ya fi kusa da mu shi ne na bushiya, annobar da ta sha share garken shanu a ƙasar nan. Walter Plowright, yana aiki a Muguga ta ƙasar Kenya, ya raunana ƙwayar cutar ta hanyar maimaita rainonta a ƙwayoyin ƙodar maraƙi, har ta zama riga-kafi mai aminci da araha. A 2011 aka ayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya. Duk makiyayin da yake da garke a yau ya ci moriyar wannan aiki, ko bai taɓa jin sunan Plowright ba.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Ƙwayar asali tana ɗauke da gadon mai ita. Maganin efavirenz na cutar ƙanjamau misali ne: wani nau'in gado da ke sa hanta jinkirin narkar da shi ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka, sai maganin ya taru a jini ya kawo jiri da munanan mafarkai. Ƙwayoyin hantar da kamfanoni ke sayarwa kuwa galibi daga masu bayarwa na Amurka da Turai suke. Idan babu ƙwayoyinmu a farantin gwaji, a jikin marasa lafiyarmu za a gano bambancin, bayan magani ya shiga kasuwa. Haka sikila: maganin Casgevy da aka amince da shi a 2023 da ƙwayoyin ɓargon majinyacin kansa ake yin sa, a ciro, a gyara, a mayar. Kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Nijeriya, ƙasar da ta fi kowacce yawan masu sikila, ba ta da hanyar rage wannan tsada matuƙar ba ta ƙware a sarrafa irin waɗannan ƙwayoyi a gida ba.

Amma jama'a ba sa ba da jininsu ga wanda ba su yarda da shi ba, kuma suna da hujja. Kano ba ta manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, da gwajin maganin Trovan wanda ya ƙunshi yara 200, da shari'ar da ta biyo baya, wadda sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha. Muna da kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, da Dokar Lafiya ta 2014, amma takarda ba ta isa ba. Sa hannu a kan fom ɗin Turanci da mutum bai iya karantawa ba, ba yarda ba ce. A zauna da shi, a gaya masa da harshensa me za a ɗiba, ina za a kai, har yaushe za a ajiye, kuma a tabbatar masa cewa in ya ƙi, ba za a rage masa kulawa ba.

Ga hukumomin jami'o'i da gwamnatoci, roƙona biyu ne: wutar da ba ta ɗaukewa a ɗakunan bincike, da ruwan naitirojin na daskarar da ƙwayoyi. Dare ɗaya babu wuta ya isa ya kashe abin da wani bawan Allah ya bayar daga jikinsa. Ga malaman addini, ku zo ku ga aikin da idonku, ku yi mana tambayoyi masu wuya, sannan ku yi wa jama'a bayani. Ku kuma ɗalibai, ku koyi wannan sana'a da hannunku, kuma duk kwalbar da kuka ɗauka ku riƙe ta a matsayin amanar mutumin da ya yarda da ku.