Gidan Khalifa na Omdurman: daga hannun makiyayi zuwa gidan tarihi

Duk wanda fatauci ya taɓa kai shi Omdurman, wataƙila ya gifta ta wani tsohon gida kusa da ƙubbar Mahadi. Shi ne Gidan Khalifa.

Mai gidan, Abdullahi ɗan Muhammadu, ɗan makiyaya ne, daga Ta'aisha masu kiwon shanu a kudancin Darfur. Da Mahadi ya rasu a 1885, shi ya gaje shi, ya riƙe Omdurman a matsayin fadar mulki. A 1888 aka gina ƙasan gidan, aka ɗora masa bene a 1891. Ginin bulo ne mai kaurin bango, tsakar gida na bi wa tsakar gida, baƙo ba ya kaiwa ga mai gida sai ya ratsa ƙofa bayan ƙofa. Bahaushe da ya saba da zaure ba zai ga baƙon abu ba.

To, shekara goma kacal ya yi a ciki. Ranar 2 ga Satumban 1898 sojojin Ingila da Masar suka ci yaƙin Karari, ya fice daga garin, aka kashe shi a 1899. Gida ya koma hannun Turawa, a 1928 aka mai da shi gidan tarihi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ma bai ƙyale shi ba, an wawashe kayansa.

Saboda haka, 'yan uwa, wanda aka kawo wa tsohon takobi ko takardar tarihi ta kan iyaka, kada ya saya. Kayan mutanen Sudan ne, amana ce. Allah Ya ba su zaman lafiya.