AMSOSHIN TAKARDUNKU: Yaya Mai Saye Zai Gano Shafina A Intanet?

 Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwar riɗi da zoɓorodo a ƙasar Maigatari ta Jihar Jigawa. Ya ce ɗansa ya buɗe masa shafi a intanet tun bara, amma in aka nemi masu sayar da riɗi a Google, sunansa ba ya fitowa. Yanzu kuma wani ya ce ya kawo kuɗi, zai zuba masa rubutu ɗari a dare ɗaya, ya ɗora shi a sahun farko. Shi ne yake tambaya, ya biya ko kada ya biya?

To malam, madalla da wannan tambaya. Amsa a taƙaice ita ce, riƙe kuɗinka tukuna. Amma bari mu warware maka zare da abawa.

Da farko dai, shi Google kamfani ne da wasu ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka su biyu, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa a shekarar 1998. Aikinsa kamar na dillali ne a kasuwa. Yana da wata manhaja mai suna Googlebot wadda ba ta barci, kullum tana zagaya shafuka tana karanta abin da ke ciki, tana ajiyewa a rumbu. In mai saye ya rubuta abin da yake nema, sai Google ya duba rumbun nan ya jero masa shafukan da yake ganin sun fi biya masa bukata. Ka san dillalin kirki ba ya kai baƙo rumfar da aka kulle tun kakar bara. Haka nan shafin da aka buɗe aka watsar, babu farashi, babu kwanan wata, babu ko alamar mai shi yana nan.

A watan Nuwamba na 2011 kamfanin ya yi gyara musamman domin fifita sabon bayani a kan abubuwan da ke sauyawa kullum. Farashin kaya kuwa yana cikin irin waɗannan. Mai neman kuɗin buhun riɗi, na wannan mako yake so, ba na shekara biyu da suka wuce ba.

Sai dai fa a nan ne masu wayo ke damfarar jama'a. Sabon bayani dabam, tarin surutu dabam. Tun a Fabrairun 2011 Google ya fito da wani tsari da ake kira Panda, wanda ya danne shafukan da ke cike da rubutu marar amfani ko wanda aka kwafo daga wani wuri. A 2012 aka ƙaro Penguin, domin maganin masu sayen mahaɗai na bogi, watau su biya wasu shafuka su riƙa nuno nasu. A watan Maris na 2024 kuma aka tsaurara doka a kan masu tara rubutu barkatai don kawai su hau sama, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura. Saboda haka rubutu ɗarin nan na dare ɗaya, malam, zai iya jawo a tura shafinka can ƙarshen layi, ga kuɗinka sun tafi. Shi kansa Google ya sha faɗa cewa babu mai iya ba ka tabbacin zama na ɗaya. Waɗanda ka gani can sama da alamar talla a jikinsu, kuɗin talla suka biya, kuma ranar da kuɗin suka ƙare, ranar za su sauka.

To, mene ne abin yi? Abin da Google ke nema yana hannunka, ba ka dai rubuta shi ba ne. Kai ne ka san yadda kasuwa ta ci, kai ka san yadda ake bambance riɗin bana da wanda ya kwana. Wancan mai rubutu ɗari bai taɓa ɗaga buhu ba. Ga shawarwari guda biyar.

Na ɗaya, ka tsayar da rana guda a mako. Tunda kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, to daren Alhamis ko safiyar Juma'a ka zauna da yaronka minti ashirin. Ka faɗa, shi ya rubuta: kwanan wata, sunan kaya, buhu nawa ke ƙasa, nauyin kowane buhu, naira kaza, da inda za a ɗauka. Layi biyar ko shida sun wadatar. In rubutu na ba ku wahala, tun 2024 allon rubutu na Gboard da ke wayoyin Android yana karɓar magana da Hausa ya mayar da ita rubutu. Amma a karanta a gyara kafin a saki, don wani lokaci yakan ji ba daidai ba.

Na biyu, tambayoyin masu saye su ne jarinka. Duk tambayar da aka yi maka sau uku a waya, ta cancanci shafi nata. Alal misali, nawa ne kuɗin mota zuwa Dawanau? Ana tankaɗe kayan kafin a auna? Yaya ake adana zoɓorodo kada ya yi fumfuna? Ka amsa sau ɗaya da kyau, amsar ta yi ta yi maka aiki kana gona. Irin wannan rubutu ba ya tsufa, da tsohuwar zuma ake magani. In wani abu ya sauya, ka koma ka gyara shi. Amma kada ka sauya kwanan wata kawai ka bar tsohon zance, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku, ka kira kaya da sunan da mai saye ke kiransa, ka sa sunan garinku a kan maganar. "Farin riɗi a Maigatari, farashin wannan mako" ya fi "Barka da zuwa shafinmu mai albarka" amfani nesa ba kusa ba. In kana son masu saye daga Ikko ko ƙasashen waje, a samu mai Turanci ya rubuta maka bayanin a shafi na biyu. Sai dai kada a yi ta nanata kalma ɗaya kamar mai tallar goro, wannan ma laifi ne a wurin Google.

Na huɗu, hoto. Ba a cinikin biri a sama. Ka ɗauki hoton kayanka na gaskiya da rana, a rubuta bayaninsa a ƙasa. A rage nauyin hoton yadda zai buɗe da wuri, domin yawancin masu nema da waya suke dubawa, kuma yadda shafi ke fitowa a waya shi Google ke fara aunawa.

Na biyar, in kana da shago ko sito da ake zuwa, ka yi rajistarsa a Google Business Profile, kyauta ne. Nan za ka sa adireshi, lambar waya da lokutan buɗewa, sai ka fito a taswira in na kusa da kai ya nema. Ka roƙi waɗanda suka ji daɗin hulɗa da kai su rubuta shaida, amma kada ka sayi shaidar zur. Yaronka kuma ya haɗa shafin da Search Console, shi ma kyauta, zai nuna muku kalmomin da mutane suka rubuta har suka iso gare ku.

Wani abu kuma da ya kamata sauran 'yan kasuwa su sani: abin da ka sa a sitatus na WhatsApp, Google ba ya ganinsa, bayan awa 24 ma ya ɓace. Don haka in ka tura wa abokan ciniki farashi a can, ka kwafa ka sa a shafinka.

Daga ƙarshe malam, wannan aiki noma ne, ba farauta ba. Yakan ɗauki watanni kafin a ga canji, sannu ba ta hana zuwa. Ka fara tun kafin kaka, yadda lokacin da manyan masu saye za su fito neman kaya, shafinka ya riga ya zauna da gindinsa. Kuma in mai saye ya kira, ya tarar da farashi da kaya kamar yadda ka rubuta, domin Google zai iya kawo maka baƙo, amma gaskiyarka ce za ta dawo da shi.