Ruwan Saman da Ya Halaka Garken Yamal

A watan Nuwamba na 2013 aka yi ruwan sama a yankin Yamal da ke arewacin Rasha, lokacin da dusar ƙanƙara ya kamata ta sauka. Ruwan ya daskare a kan dusar, ya zama ɓawo mai tauri. Barewar da makiyayan ƙabilar Nenets ke kiwo ta yi ta tono da kofato, amma ta kasa kai wa ga abincinta. Kimanin dabbobi 61,000 ne yunwa ta kashe. Duk mai kiwo ya san zafin wannan asara.

Masana sun danganta ruwan da raguwar ƙanƙarar tekunan Barents da Kara. Ƙanƙara tamkar murfin tukunya take. In ta narke, tururi ya tashi daga teku, iska ta kwaso shi zuwa tudu. Farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, buɗaɗɗen teku kuwa shanye zafin yake yi, sai narkewar ta ƙaru.

Koguna ma da nasu aikin. Ob da Yenisei da Lena suna kwarara ruwa marar gishiri cikin Tekun Aktik. Da yake bai kai ruwan gishiri nauyi ba, sai ya kwanta a sama, ya kare ƙanƙara daga ruwan Atlantika mai ɗumi da ke ƙasa.

Tun 1979 taurarin ɗan Adam ke auna ƙanƙarar Aktik. A Satumban 2012 ta ragu zuwa kusan murabba'in kilomita miliyan 3.4.