Madugu da ayarinsa

Masu sauraro a Rano da Kibiya, a 1694 ma'aikatan wani jirgin ruwan Turawan Ingila sun ƙwace shi a gaɓar Sifen, saboda an yi watanni ba a biya su ba. Henry Every ne ya ja su, suka koma fashin teku. A jiragen wancan zamani bulala ce makamin kyaftin.

Mu nan ayari muka sani. Agalawan kudancin Kano, waɗanda a cikinsu aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji maƙwabciyarmu, a da sukan yi watanni a hanyar Gwanja neman goro. Madugu ke yanke ranar tashi da wurin zango, shi ke cinikin kuɗin hanya da sarakuna. Jagaba na gaba, malami na riƙe da lissafi da addu'a. Jaki ya zube da kanwa a bakin kogi, dole a tsaya a taya mai shi ɗaurawa.

Amma kayan na fatake ne, kuma wannan ne ya ɗaure hannun madugu. Wanda ya zalunci mutanensa, baɗi shi kaɗai zai ɗaura mangala. 'Yan dako da bayin da ke ɗauke da kaya a ka ba su da wannan zaɓin na canza madugu, kuma su ne ba mu cika tunawa da su ba.