Tanadin Kuɗin Sulhu Tsakanin Miji da Mata

 

Shugabannin jama'a sun umurce ni in yi magana a wannan taro na zagayowar shekarar masallacinmu, na kuwa zaɓi batun da kowa ya san da shi amma ba a cika ambatarsa ba, watau abin da sulhu ya ke ci na kuɗi in an saɓa tsakanin miji da mata.

Wannan unguwa ta Titin Liuhua da ma ciniki ya kafa ta. Tun 1974 a nan a ke cin babbar kasuwar baje kolin Guangzhou, har 2008 da aka ƙarasa mai da ita Pazhou. Mu ma ciniki ya kawo mu, shi ya sa ko wane ɗayanmu ya san lissafin kaya, da ladan dako, da haya, da kuɗin kwastan. Amma ko da a ke cewa harshe da haƙori ma su kan saɓa, da wuya ka sami wanda ya ware ko kwabo domin ranar da gidansa zai bukaci gyara.

Shari'a ta riga ta shimfiɗa hanya. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni, in an ji tsoron ɓaraka, a tashi mutum biyu masu sasantawa, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. A mazhabar Malikiyya hukuncinsu ya kan zartu, ko na haɗawa ko na rabawa. To, ga mai zama Fagge ko Birnin Zazzau, tashin kawu biyu abu ne na yini guda. Mu kuwa kawunnanmu su na bayan teku, tafiyar jirgi biyu ta Adis Ababa ko Alƙahira, agogonmu kuma ya na gaban nasu da awa 7. Nisan nan shi ne tushen tsadar.

Bari mu lissafa, kamar yadda mu kan yi wa kaya.

Na farko, hanya. Wanda iyalinsa ke gida, tilas ko shi ya tafi, ko ya wakilta wani. Akwai kuɗin jirgi zuwa da komowa, akwai kuma kwanakin da ciniki zai tsaya. A Kano Hukumar Hisba, wadda aka kafa bisa doka a 2003, ta kan saurari koke-koken ma'aurata, a 2009 kuma aka buɗe zauren sasantawa a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha. Ƙofofin a buɗe su ke, sai dai isa bakinsu daga nan shi ne aikin.

Na biyu, hukumar ƙasar nan, ga wanda ya yi aure a nan aka rubuta shi a ofis. A sani dokar Sin ba ta san auren da aka ƙulla a cikin ƙasarta ba sai an yi masa rajista. Dokar sulhun jama'a, wadda ta fara aiki a 2011, ta hana kwamitocin sulhu na unguwanni karɓar ko sisi. Daga 2021 kuma, masu neman rabuwa bisa yardar juna su kan jira kwana 30, ko ɗayansu zai sake tunani. In magana ta kai kotu, dole alƙali ya fara da neman daidaitawa. Kuɗin shigar da ƙarar rabuwa, bisa ƙa'idar 2007, yuan 50 ne zuwa 300. In akwai dukiyar rabawa, abin da ya haura yuan 200,000 a kan biya rabin ɗaya bisa ɗari nasa. Misali, dukiyar yuan 500,000 za ta jawo ƙarin yuan 1,500. In aka gama da sulhu, rabin kuɗin kawai a ke biya. Ashe ita kanta hukuma ta sauƙaƙa wa mai sasantawa. Nauyin ya na wajen tafinta, da fassara takardu zuwa Sinanci, da buga musu hatimi, da lauya, wanda dole ya zama lauyan ƙasar nan.

Na uku, wanda a ka fi mantawa, shi ne ci da sha da tufafi da wurin kwana na matar da 'ya'ya muddin a na kan magana. Fushi ba ya ɗauke ciyarwa. Matar da aka yi wa sakin kome ta na da ciyarwa da mazauni har ta gama idda. Mai ciki ta na da su har ta haihu, ko da sakin ya yanke. Ciyar da 'ya'ya kuwa a wuyan uba ya ke, ko a hannun wa su ke zaune.

Jama'a, a nan ne haɗarin ya ke. In miji ne kaɗai ke da abin biyan jirgi da tafinta da masaukin masu sasantawa, matar kuwa ba ta da ko kuɗin kiran waliyyinta, lalle ba a zauna daidai ba. Wanda ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Mai sulhun da ya ci tuwon ɓangare guda, ko ya na da gaskiya, ɗayan ba zai natsu da shi ba. Mace kuma in yunwa da baƙunci sun matsa mata, sai ta yafe sadaki, ta yafe ciyarwa, domin dai ta tsira. Malaman Malikiyya sun ce abin da mace ta bayar na hul'i saboda an cuce ta, in cutar ta tabbata, mayar mata a ke yi, sakin kuma ya tabbata. Abin da aka karɓa ta wannan hanya bashi ne.

Saboda haka ga shawara iri biyu.

Ga ko wane magidanci: ka ware, dabam da jari, abin da zai kai ka gida ya komo da kai, da ciyarwar iyali ta wata uku, gwargwadon idda ke nan. Ka ajiye takardar aure da ta haihuwar 'ya'ya inda matarka ma za ta iya kai hannu. Ka rubuta abin da ke nata cikin dukiyar da ke hannunka, da shaidu biyu, tun a na dariya.

Ga jama'a baki ɗaya: mu buɗe asusun sulhu, kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa wata wata, ko da yuan 20 ne. Amintattu uku su riƙe shi, su karanta lissafi sau ɗaya a shekara ba tare da ambaton sunan kowa ba, gama rufin asiri rabin sulhu ne. Daga ciki za a biya tafinta, da mota, da waya, da masaukin matar da ta rasa wurin fakewa. Masu sasantawa kada su karɓi kome daga hannun ma'auratan. In an daidaita, a rubuta yarjejeniya da harshen da ko wanensu ya ke ji, a ba kowa tasa. Mai hali in ya so ya mayar wa asusu abin da aka kashe, madalla. Maras hali kuwa kada a bi shi. Ya kamata kuma a sa dattijuwa cikin masu sauraro, don akwai maganar da mace ba ta faɗa wa maza.

Kada wani ya ce wannan tanadi fatan tsiya ne. Mai gina rijiya tun da damina ba fari ya ke kira ba. Watakila asusun ya shekara ba a taɓa shi ba, mu gode wa Allah. Ran da aka bukace shi kuwa, 'ya'yan gida guda za su tashi gaban uwa da uba, ko kuma a rabu da mutunci, kowa da haƙƙinsa a hannu.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya sa albarka cikin nemanmu, Ya mai da mu gida da alheri. Amin. Wassalamu alaikum.